Gona Ɗaya, Ƙasa Uku: Yadda Muka Nemo Turakun Iyaka da Na'urar Gano Ƙarfe a Bayan Rigachikun

Gonar kakanmu na wajen uwa tana bayan Rigachikun, a ƙaramar hukumar Igabi. In ka sauka daga titin Zariya ka bi hanyar burji, tafiyar minti 20 ce a babur. Doguwa ce, siririya. Ta faro daga kan tudu inda marmara ta fito fili har garma ba ta kama ta, ta gangaro ta ratsa kangon wani tsohon gidan gona, ta bi ta ƙarƙashin manyan wayoyin wutar lantarki, sannan ta ƙare a fadama, bakin rafi. Tun marigayin yana da ƙarfinsa ya sa 'yan safiyo suka auna ta, aka kafa turaku shida na siminti, irin waɗanda ake ce wa bikon, kowanne da guntun rodi a tsaye a tsakiyarsa. Takardar awon tana nan a adakar kakarmu, ta yi ja amma tana karantuwa. Turakun ne suka ɓace. Ɗaya kawai ake gani, na bakin hanya.

Shekara da shekaru ba wanda ya damu, sai da aka zo rabon gado, magada suka ce kowa zai nemi takardar kasonsa a KADGIS, hukumar da ke ba da takardun filaye a Jihar Kaduna. Nan maƙwabcinmu na kudu ya ce iyaka tana gindin ɗorawa, Kawu ya ce ta wuce ɗorawa da kunya biyar. Aka kai magana gaban mai unguwa, aka ɗauko ɗan safiyo. Ya duba takarda ya ce da turke ɗaya ba a ɗaure gona, sai ya samu aƙalla biyu da ba su taɓa motsi ba, uku ma ya fi, kafin ya fitar da sauran da lissafi. Na ce masa, "Oga, ba ga GPS ba?" Ya yi dariya. Tsofaffin taswirorin ƙasar nan a kan ma'aunin Minna aka ɗora su, GPS ɗin waya kuwa da ma'aunin duniya yake aiki, kuma saɓanin da ke tsakanin biyun ya kai gomman mitoci in ba a juya lissafi ba. Ko an juya ɗin, na'urar hannu tana iya kauce wa wuri da mita 3 zuwa 5. Iyakar abin da ya yi mana shi ne ya zagaye wurare biyar da toka, kowanne da'ira mai faɗin mita 10, ya ce, "Turakunku suna cikin nan, in har suna nan."

Da'irar mita 10 ta kusa murabba'in mita 80. Sau biyar. Ba wanda zai tone wannan da diga, balle a kan marmara.

Gyaran inbata da rediyo ne sana'ata, shi ya sa aikin ya faɗo kaina. Wani abokina yana da na'urar gano ƙarfe da ya saya da niyyar neman zinare a wajen Birnin Gwari, rashin tsaro ya hana shi zuwa, ta shekara biyu a ƙarƙashin gado. Ya ba ni aronta da faifanta uku. Faifai shi ne zagayayyen abin nan da ke ƙasan sanda, wanda ake shafa ƙasa da shi. Cikinsa ba komai sai naɗaɗɗiyar waya, koyil dai kamar na janareta, amma yadda aka naɗa ta da girman da aka ba ta su ne suka kusa kwance mana aiki, su ne kuma suka gama shi.

Abin da ke cikin faifan

Na'urar irin wadda ake kira VLF ce, tana aiki a kan zangon kilohaz 15. A cikin faifanta koyil biyu ne, ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa, ɗaya yana saurare. An daidaita su yadda mai sauraren ba ya jin mai turawa. In ƙarfe ya shigo tsakani sai daidaiton ya ɓaci, na'ura ta yi ƙara. Matsalar ita ce ƙasa ma tana ɓata wannan daidaito, kuma ƙasar da faifai ke gani ta ninka guntun rodin sau dubbai.

Babban faifan, inci 9 da 12, na zobe cikin zobe ne: mai turawa a waje, mai saurare a ciki. Jinsa kamar ƙwarya yake a ƙarƙashin ƙasa, da faɗi a sama, yana tsukewa yayin da yake nitsewa, har a can ƙasa ya koma ɗan tsini. Sauran biyun, na tsakiya mai inci 8.5 da 11 da ƙarami mai inci 5 da 8, irin Dabul-D ne. Koyil biyu ne masu siffar harafin D da aka haɗa bayansu, suka ɗan hau juna a tsakiya. A wannan siririn layin da suka haɗu suke ji, daga goshin faifai zuwa ƙeyarsa, kamar ka kafa wuƙa a ƙasa kana ja.

Duk wannan daga baya na tsaya na fahimce shi. Ranar farko abin da na sani kawai shi ne wanda ya sayar wa abokina ya ce babban yana gani har mita biyu.

Marmara

A watan Agusta muka fara, washegarin wani ruwan dare. Na fito da faifan uku na jera a kan buhu, Kawu ya nuna babban da sandarsa.

"Sa wannan, ɗana. Ba wasa muka zo yi ba."

Na sa, na murɗa ƙarfin ji har ƙarshe, na shiga da'irar farko a kan tudu. Tun kafin in yi taku uku na'ura ta kama surutu kamar kasuwar Kawo ranar Talata. Nan ƙit, can ƙyar, in na dawo kan wurin sai ƙarar ta koma gefe. Duk inda ta ɗan yi ƙarfi sai ƙanina ya sa diga. Rami goma sha ɗaya muka haƙa kafin azahar, kuma a kowanne abu ɗaya muke tararwa: dunƙulen dutse ja-baƙi, mai nauyi, wanda in ka fitar da shi daga rami ka ɗora masa faifai sai ya yi ƙara, ramin kuma ya yi shiru. Maƙwabcin namu yana zaune a inuwar ɗorawa yana jan carbi, bai ce uffan ba, amma yaransa suna ta ƙyaƙyata dariya.

Ɗan safiyon ne ya ce, "Malam, ka gwada ta a kan wanda muke gani mana." Kunya ta kama ni, don da wannan ya kamata in fara. Na je bakin hanya na shafa faifai a kan turken da ke fili, ga rodi ina kallonsa da idona, na'ura ta yi tsit. Ashe abokina ya saita ta ta yi watsi da baƙin ƙarfe, tunda shi zinare ne a ransa. Mu kuwa baƙin ƙarfen muke nema. Rabin yini muka yi muna tono duwatsu da na'urar da aka hana ta faɗin abin da muka zo nema. Na buɗe ta ta ji kowane ƙarfe, turken ya amsa da ƙarfi, amma da na koma kan marmara sai surutun ya ninka. Muka tattara muka dawo gari.

A daren na ciro mayen ƙarfe daga wata tsohuwar sifika a shago, na naɗe shi a leda. Da safe na biya kasuwar Panteka aka yanko mini guntun rodi mai kaurin milimita 12, tsawon kamu ɗaya da rabi, kwatankwacin na cikin turken. Da na koma gona ban kunna na'ura ba sai da na ja mayen ƙarfen a ƙasa a wuri huɗu. A kan tudu ya fito da gemu, baƙin gari da ƙananan tsakuwa sun manne masa ko'ina. A kango ma haka, har da ƙusoshi. A ƙarƙashin wayoyi, inda ƙasar jigawa ce, kaɗan ya ɗauko. A fadama laka ce kawai ta shafi ledar.

Wannan gwaji na naira sifili ya fi mini duk bayanin mai sayarwa amfani, kuma ya gyara mini wani kuskure. Da ina ɗauka jan ƙasa shi ne matsala. Jan launin daga tsatsar ƙarfe yake zuwa, gaskiya ne, amma irin tsatsar da ke rina ƙasa ja ko rawaya ba ta cika bin mayen ƙarfe ba. Masu rikita na'ura su ne ma'adinan nan biyu da masana ke kira magnetayit da maghemayit. Na farkon daga duwatsun da ke ƙarƙashin Kaduna yake fitowa, na biyun kuwa yakan samu ne in wuta ta gasa jar ƙasa tare da ciyawa, kuma tudun nan kowace shekara sai an cinna masa wuta. Don haka za ka iya samun jar ƙasa mai sanyin hali, ka samu wata mai kama da ita da ba ta barin na'ura ta huta. Ido ba ya rarrabe su.

Na kafa rodin Panteka a tsaye a gefen da'ira, kansa yana ƙasa da kamar santimita 20, na mayar da tsakuwa na tattake. Sannan na bi faifan ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai na daidaita shi da ƙasa tukuna. Yadda ake yi, ka nemi wurin da babu ƙarfe, ka danna maɓallin daidaitawa, ka riƙa ɗaga faifai kamar kamu ɗaya kana sauke shi har ya kusa taɓa ƙasa, kamar mai daka a hankali. Da farko za ka ji ƙugi yana tashi in ka sauke yana faɗuwa in ka ɗaga. Kana ci gaba sai ƙugin ya lafa, har hawa da sauka su zama ɗaya a kunne. Na'ura ta koyi muryar ƙasar ke nan, za ta riƙa cire ta daga abin da take ji.

Babban faifan ya daidaitu, amma taku huɗu kawai sai ya warware, don marmara ba iri ɗaya ba ce ko a cikin ɗaki guda. Kafin ya yi shiru sai da na rage ƙarfin ji ya koma ƙasa da rabi, a haka kuma rodin da ni na binne da hannuna da ƙyar nake jin sa. Zurfin da aka saye shi dominsa ya tafi wajen toshe masa kunne. Na tsakiya ya fi shi natsuwa nesa ba kusa ba, tunda siririn layinsa ba ya kwasar muryar ƙasa kamar ƙwaryar wancan, kuma ba ya damuwa sosai in hannu ya ɗan ɗaga ko ya sauka. Ƙaramin kuwa na bar masa ƙarfin ji kusan uku bisa huɗu, ya zauna lafiya, ya buga rodin da murya ɗaya tsaf. Yana kuma shiga tsakanin dunƙulen marmara ya kwanta a ƙasa, inda manyan sai dai su yi ta shawagi a sama.

Kawu bai so ba. "Wannan ɗan marfin tukunyar?"

"Kawu, ƙaramin goro ya fi babban dutse."

"To, mu gani a ƙasa."

Ƙaramin faifai yana da tsadarsa, wato lokaci. Kowace shafa santimita 20 kawai take ci, kuma sai ka maimaita rabinta don kada a bar giɓi. Muka ja igiyoyi muka yanka da'irar layi-layi. Sai da na yi awa ɗaya da rabi ina tafiyar hawainiya kafin na ji wata ƙara da ta bambanta da ta duwatsu. Ta dutse faɗi gare ta, ba ta da tsakiya, takan zo ne bayan faifai ya wuce, kuma in ka juyo ta wata fuska sai ta canza. Wannan kuwa gajeriya ce, a dunƙule, daga gabas ko daga arewa wuri ɗaya take nunawa. Ƙanina ya share tsakuwa da fartanya. Ko santimita 10 bai kai ba sai ga siminti, kansa ya farfashe, rodin ya yi tsatsa amma yana tsaye daram.

A nan na gane wautar da muka yi tun farko. Tudu ba ya tara ƙasa, zubar da ita yake yi, kowace damina ruwa yana kankare shi yana kai wa gangare. Turken da ke kan marmara ba shi da inda zai nitse. Mun ɗauko faifan zurfi don abin da yake dab da tafin ƙafarmu.

Kango da ƙarƙashin wayoyi

Kangon wata fitina ce daban. Ƙasarsa ba ta kai tudu zafi ba, amma mutane sun zauna a wurin shekaru, sun bar ƙusoshin rufi, guntayen kwano, gwangwanayen madara da na kifi, marafan kwalba, har da ƙafar tukunyar ƙarfe. Na gwada na tsakiya don in yi sauri, sai ya zamana a kowane lokaci abu uku ko huɗu ne a ƙarƙashinsa, muryoyinsu sun cakuɗe. Na mayar da ƙaramin, wanda yake ɗaukarsu ɗai-ɗai.

Abin da ya cece mu daga tone kangon gaba ɗaya wata ɗabi'a ce ta baƙin ƙarfe. Ƙusa ko rodi sun fi amsawa in ƙarfin maganaɗisu ya bi tsawonsu. A ƙarƙashin tsakiyar faifai ƙarfin ƙasa yake nufa kai tsaye, a gefuna kuwa kwanciya yake yi. Saboda haka ƙusar da ke kwance takan yi ƙara biyu, ƙit-ƙit, in ka bi ta tsawonta, ɗaya in ka gitta ta. Rodin da ke tsaye ƙara ɗaya yake yi ta ko'ina ka zo masa. Gwangwani kuma in ka ɗaga faifai sama har gwiwa yana nan yana ihu. Da wannan muka tsallake mafi yawan tarkacen. Turken da muka samu a nan, abin haushi, da ƙara biyu ya amsa, na ma wuce shi sau ɗaya. Garmar shanu ta taɓa tumɓuke shi, yana kwance a gicciye. Ɗan safiyo ya dube shi ya ce wannan shaida ce cewa an taɓa kafa turke a kusa, amma ba zai ɗora awo a kansa ba.

Ana cikin haka labari ya bazu a ƙauyukan kusa cewa jikokin marigayi sun gano zinare. Yara suka cika gona, wasu samari biyu da ba mu sani ba suka tsaya a kan babur suna kallo daga nesa. A wannan yanki irin wannan jita-jita ba abin dariya ba ce. Kawu ya je ya samu mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a faɗa wa jama'a siminti muke nema." Bayan sallar la'asar aka yi sanarwa a masallaci, muka kuma jingine karyayyen turken a bakin hanya don kowa ya gani. Ko da zinaren ne ma, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne ko a gonar wa yake, sai da lasisi ake taɓa shi. Kayan tarihi ma haka, tun dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ba a tono su sai da izini, kuma jihar da ke da Nok, garin da aka tono tsofaffin gumakan yumɓu, ba ta rasa masu wannan kwaɗayi.

Ƙarƙashin wayoyi bai ɗauke mu lokaci ba. Ƙasar jigawa ce mai sauƙi, sai dai na'ura tana karkarwa ko faifai yana sama bai ga ƙasa ba, alamar daga iska abin yake zuwa. Faifai eriya ce, girmansa girman abin da zai kwaso daga wayoyin. Ƙanina ya ce mu jira a ɗauke wuta, na ce masa ta gida ake ɗaukewa, wannan babban layi ne. Na bar ƙaramin, na ɗan gusar da zangon na'urar, na rage ƙarfin ji, kowa ya kashe wayarsa. Cikin rabin awa muka samu turken a tsaye, zurfinsa bai kai kamu ɗaya ba.

Fadama

Turaku uku tsayayyu sun ishi ɗan safiyo, kuma da su ya tsuke da'irar fadama ta koma faɗin mita 2. Amma ainihin rigimar a fadamar take, maƙwabci kuma ya ce shi lissafi ba ya gamsar da shi.

"Alhaji," ya ce wa Kawu, "gani ya kori ji. A nuna mini siminti, in ba ka hannu."

Na shiga a Agustan, ruwa har idon sawu, shinkafa ta kai gwiwa. Faifan ba ya jin tsoron ruwa, amma na'urar ta ƙi zama. Wannan karon ba tama ba ce, tunda mayen ƙarfe ya riga ya wanke fadamar. Jiƙaƙƙiyar laka ce da takin zamani ya narke a cikinta, ruwa mai gishiri-gishiri kuwa yana ɗaukar lantarki, sai gonar gaba ɗaya ta zama kamar wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai rauni. Ana iya daidaita na'ura da irin wannan ƙasa, amma can ɗaya ƙarshen ma'aunin ne, nesa da inda ake daidaita ta da tama, kuma mai zango ɗaya irin tamu ba ta iya riƙe biyun a lokaci guda. Masu aiki da zango da yawa a tare sun fi iya wannan. Mu ba mu da ita, ga shi kuma muna tattake wa mutane shinkafa. Na ce a bari sai ƙasa ta bushe.

Muka dawo farkon Disamba, an yanke shinkafa, ba a fara ban-ruwan tumatir ba. Hunturu ya busar da saman lakar har ta tsattsage. Na fara da ƙaramin, don na riga na ba shi amana. Shiru. Na bi da'irar sau biyu, ko ƙit. Na sa na tsakiya, ya ɗan yi wani gunaguni a wuri ɗaya da ba zan iya rantsuwa a kansa ba.

Sai na tuna ƙasar da tudu ke zubarwa nan take taruwa. Kowace ambaliya tana shimfiɗa sabuwar laka a kan tsohuwa, shekara bayan shekara. Turken fadama ya yi zurfi ke nan, ƙasar kuma ba ta da surutu. Na ɗauko babban faifan da na yi fushi da shi tun Agusta. Ya daidaitu nan take, na murɗa ƙarfin ji har ƙarshe, ya yi tsit kamar masallaci bayan isha'i. Da yake jinsa a can ƙasa ɗan tsini ne, sai na riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, kowace shafa tana hawa fiye da rabin ta baya, faifan yana gogar ƙasa. A daidai inda na tsakiya ya yi gunaguni na ji wata siririyar murya a abin kunne, kamar sauro a ɗaki na gaba. Ta gabas tana nan, ta arewa tana nan.

Ban yarda a sa diga ba tukuna. Na ce wa ƙanina ya kankare saman wurin da fartanya, faɗin tabarma, zurfin santimita 10. Dalili kuwa, ƙarfin da faifai ke turawa yana raguwa da sauri a hanyar zuwa, amsar ƙarfen ma tana raguwa haka a hanyar dawowa. In abu ƙarami ne kuma ya yi nisa da faifai, ninka nisan sau biyu yana iya rage amsar har kusan sau 64. Juya lissafin: matsowa daga santimita 40 zuwa 30 da faifai mai wannan girma yana ƙara amsar sau huɗu zuwa biyar. Ban san faifan da za ka saya a kasuwa ya ba ka wannan ribar ba, fartanya kuwa ta ba mu ita a minti biyar. Da na mayar da faifai cikin kankararren wurin, sauron ya zama ƙara sosai, har Kawu da ke tsaye a gefe ya ji ta daga abin kunnena. A nan zobe cikin zobe ya nuna wata bajintar: inda ƙarar ta fi ƙarfi, tsakiyar faifan ke nan, ba sai an yi ta gicciye ba. Na dangwala tsinke. Aka haƙa, kan rodin ya fito daidai ƙarƙashin tsinken, kusan santimita 40 daga asalin saman ƙasa, lambar turken tana nan a jikin siminti.

Da na ba abokina labari ya ce da GPX, na'urar nan ta masu neman zinare, muka samu da tun ranar farko an gama. Akwai gaskiya a ciki. Irin waɗannan suna harba lantarki ne bugu-bugu, su yi shiru, su saurari amsar ƙarfe bayan mafi yawan muryar ƙasa ta mutu. Kamfanin Minelab na birnin Adelaide ya fito da SD 2000 a 1995 saboda filayen zinaren Ostareliya, inda ƙasa take ja mai tama irin tudunmu, kuma daga wannan zuriya GPX ta fito. Amma su ma ba su tsira daga zaɓen faifai ba. Mai koyil ɗaya, wanda ake kira mono, ya fi zurfi, sai dai in ƙasa ta yi zafi ƙwarai ko ana kusa da wayoyin wuta Dabul-D ake komawa. Ba su kuma iya tantance tarkace sosai, da a kango sun sa mun tone kowace ƙusa. Ga tsada ta miliyoyin naira, ga jabu da suka cika kasuwa. In don turken safiyo ne kawai, akwai ma sandar da aka ƙera musamman don jin maganaɗisun baƙin ƙarfe, wadda ba ta da faifai sam, irin ta kamfanin Schonstedt na Amurka. Ɗan safiyonmu ya san ta, bai dai mallake ta ba.

Na shida ba mu same shi ba. Inda lissafi ya nuna yanzu cikin rafi ne, gaɓar ta zaizaye ta ci wajen mita biyu. Na bi yashin bakin ruwa da faifan duka uku, sai ga baƙin yashi layi-layi, irin wanda ruwa ke tacewa ya tara, na'ura ta koma surutunta na kan tudu. Na haƙura.

Da aka ja igiya daga turken wayoyi zuwa na fadama, ɗorawar ta faɗo cikin gonarmu, amma da kunya biyu, ba biyar ba. A sama kuma, wajen tudu, sai ga shi Kawu ne ya shiga gonar maƙwabci da kusan taku uku, ya shekara yana shuka gyaɗa a wurin. Mai unguwa ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce to, a yi fatiha. Aka sake zuba turaku biyu, na kango da na bakin rafi, wanda aka ja da shi baya aka rubuta tazararsa a sabuwar takarda. Na roƙi birkila ya sa musu rodi mai tsawo, ya kuma bar kan na bakin rafin ya ɗago sama da ƙasa sosai.

Na'urar na mayar wa mai ita ranar Juma'a. Marmara ta cinye murfin robar da ke ƙasan ƙaramin faifan har ya huje a goshi, sai da na sa aka kawo wani daga Legas na biya.